Ƙofar da Wuta Ta Ci

A shekarar da mutane suka fara komawa ƙauyukansu kaɗan-kaɗan, shugaban gidan tarihin da nake aiki ya ɗora mini shirya baje kolin kayan gida na garuruwan da rikici ya tasa. Kayan sun zo mana a buhuna: turame, ƙore, kaskon turaren wuta, da akwatin ƙarfe irin na amare. A cikinsu akwai wata ƙofar katako da wuta ta cinye rabinta, sakatarta tana nan a manne.

Shugaba ya ce a kafa ƙofar a tsakiyar zaure, inda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da ita. "Baƙi daga Abuja za su zo," in ji shi. "Da sun gan ta sun gane komai."

Na kafa ta kamar yadda ya ce, amma hankalina bai kwanta ba. Baƙin Abuja rana ɗaya za su yi su tafi. Masu zuwa bayansu su ne masu kayan, waɗanda suke zaune a ɗakunan haya a Bulabulin da gidajen 'yan'uwa a Dusuman. Kullum in na wuce ta gaban ƙofar sai in kau da kai, alhali ni a cikin Maiduguri aka haife ni, ban taɓa gudu daga ko'ina ba. To ina ga wadda ta gudu?

Na roƙi a bar ni in gayyato wasu mata daga cikin masu gudun hijirar su duba kafin a buɗe. Suka zo da hantsi a keke napep, cikin lafaya, ƙamshin turare na tashi. Na tsaya gefe ina kallon ƙafafunsu da idanunsu. Bayanan da na sha wahalar rubutawa da Hausa da Turanci, ko kallonsu ba su yi ba. Wata mai ciwon gwiwa ta nemi wurin zama ta rasa, ta kife turmi ta zauna a kai. Sun yi dariya a gaban kaskon turare, suna gardama da Kanuri kan garin da ake ƙera irinsa.

Wata dattijuwa kuwa tun da ta shigo ba ta wuce ƙofar ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ja lafaya ta rufe fuska ta fita. Na bi ta, na same ta zaune a gindin darbejiya.

"Kaka, ki yi haƙuri," na ce. "Ko taku ce?"

"Ba tamu ba ce. Tamu shuɗiya ce." Sannan ta ce, "'Yata, kin ce mu zo mu ga ƙore. Ba ki ce akwai wannan ba."

"Zan sa a ɗauke ta yau."

"A'a, kar ki ɗauke. Jikokina a nan aka haife su, ba su san komai ba. Su gani. Amma ki riƙa faɗa wa mutum tun daga waje, ya shiga da shirinsa."

Washegari na kai wa shugaba maganar, duk da ban saba musu da shi ba. Bai ji daɗi ba. Ya ce in aka ɓoye ƙofar an cire wa baje kolin zuciyarsa. Na ba shi labarin dattijuwar yadda ya faru, ban ƙara komai ba. Daga ƙarshe ya ce in yi yadda na gani, amma in abin bai yi armashi ba ni zan yi bayani.

Muka mayar da ƙofar ƙaramin ɗakin baya, muka saka labule. Muka jera benci a zaure da tabarmi. Wata abokiyar aikina mai jin Kanuri da Larabcin Shuwa ta karɓi tsayuwa a bakin shiga, tana yi wa mutane bayani da baki, tana gaya musu abin da ke bayan labulen.

Ranar buɗewa baƙi suka zagaya, suka yi hotuna, wasunsu ma ba su leƙa ɗakin ba, shugaba yana ta satar kallona. Bayan kwana biyu mutanen unguwanni suka fara zuwa. Wasu su ɗaga labule su shiga, wasu su girgiza kai su wuce, ni kuwa ban san wanne ya fi tayar mini da hankali ba.

Wata Asabar wani mutum daga kudancin Borno ya zo shi kaɗai. Ya ce mana ma'aikacin coci ne a da, a garinsu. Ya saurari bayani, ya shiga, ya daɗe bai fito ba. Na tsaya a bakin labulen ina jin numfashinsa, na kasa yanke ko in leƙa ko in bar shi. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya zauna a benci ya ce, "Malama, ko da ruwan sha?" Na kawo masa, ya sha, ya tambaye ni ko muna buɗewa ranar Lahadi da yamma, don yana so ya kawo matarsa.