Zanen buta a Paris

Yaya aka yi ya gane hannun mutumin da ya mutu tun shekara ɗari biyar, nawa kuwa bai taɓa ambata ba? Wata takwas ke nan da rasuwar Malam, maigidana, kuma ko yanzu da nake faɗa ɗiyata na rubutawa, kuka nake yi.

Maƙerin fari ne. Yana da ɗan butiki, wato shago, a unguwar Guillotière cikin birnin Lyon, yana buga tire da buta na tagulla da azurfa. Zanen da ke jikinsu duka nawa ne. Ban san baƙi ba, amma tun ina yarinya a Damagaram nake zanen ƙwarya. A Minguettes, unguwar da muke zaune, babu ƙwarya, sai na koma takarda: in aza ta bisa teburin kicin, in fara daga tsakiya ina juya ta. Da safe ya naɗe ya sa aljihu. Masu saye su ce, “Alhaji, hannunka da albarka.” Ya ce amin.

Wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi ta sayi tire wurinsa, daga nan ta riƙa zuwa. Ta kawo masa hoton wani tsohon zane na Italiya, buta ce ta azurfa ta teburin manya. Masana sun rabu: wasu sun ce wani babban mai zane ya yi shi, wasu sun ce a'a. Malam ya manna hoton a bangon ɗakinmu. Yana cin tuwo yana kallonsa.

“Malam, miyar ta yi?”

“Dubi mariƙin nan, Hajiya. Inda ya haɗu da wuya an ƙara masa kauri. Wanda bai taɓa ƙona yatsa a maƙera ba, ba zai san nan ne yake karyewa ba.”

“Ko in zuba wa butar ita ma?”

Ya yi dariya. Ni da gaske nake.

Sau uku ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, inda ainihin zanen yake, don ya gan shi da idonsa. Na huɗu ya tafi da ni, an gayyace shi ya yi magana. Na zauna a baya. Ya tsaya gaban farfesoshi da Faransancinsa na kasuwa, ya ce mutanen da aka zana a jikin butar aikin babban mai zanen ne, amma mariƙi da gindi na wani ma'aikaci ne da aka danne sunansa. Ya ce zalunci ne.

Sai Madam, Bafaranshiyar nan, ta ɗaga tiren da ta saya, ta nuna wa jama'a, ta ce ga zanen Alhaji. Aka tafa. Ganyen da ke gefensa ni na zana shi ina jiran shinkafa ta tsotse. Ya dafa ƙirji ya sunkuya. Har muka iso Lyon ban ce masa uffan ba, shi ya ɗauka gajiya ce.

Sai da ya kwanta asibiti na iya tambaya. Ina shafa masa mai a ƙafa, na ce, “Malam, ka yi wa baƙon Italiya faɗa har Paris. Ni fa?”

Ya juyo ya dube ni. Numfashi ya riga ya yi masa wuya.

“Hajiya,” ya ce, “ni na ɗauka in an ce ni, an ce ke.”