Ƙugin Jitar 'Yata

Mai gyaran jitar lantarki na layinmu, wanda ake kira Kunne, ya tsufa yana sauya fikof, maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya. Ba ya taɓa jita sai ya san wanda zai saurara.

Bayan rasuwar 'yata na kai masa tata, zan koya. Ya jona ta da lasifika, ta yi ƙugi. Sai ya ce:

"Baba, in na sa fikof mai naɗin waya biyu ƙugin zai tafi, amma muryar za ta yi kauri. Wa zai saurara?"

"Uwarta. Da ƙugin nan take sanin yarinyar tana ɗaki."

Ya ajiye sukudireba. "A bar shi. Da irin kiɗanka ma, ƙugin zai fi daɗi."

Tsirkiya kawai ya sauya.