Baba Masinja da Takardar Sabuwar Manhaja

Kafin a kaɗa ƙararrawa, Baba Masinja ya riga ya share ofis, ya goge tebur, ya ɗaure wasiƙun ranar a bayan kekensa da roba. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka a makarantar gwamnatin da nake koyarwa. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Bara aka canza manhajar 'yan ajin ƙarshe. An cire littattafai uku, an kawo wasu, ga jarrabawa saura wata huɗu. Makaranta ta tura sanarwa a zauren iyaye na waya, aka ce an gama.

Ina gefe ina duba aikin yara na ji Baba ya ce wa mataimakin shugaba, "Malam, waɗanda ba su da babbar waya fa?"

"Su tambayi maƙwabta, Baba. Ko kai ne Ministan Ilimi?"

Aka yi dariya. Ni na ci gaba da duba aikina, har yau abin yana damuna.

Da aka tashi Baba ya miƙo mini takardar sanarwar. "'Yata, karanta mini a hankali." Sau uku na karanta. Na ɗauka idonsa ne ya yi rauni.

Mako biyu yana bin gida-gida a keke, gida sittin da ɗaya. Wata mai ɗinki, wadda 'yarta ke ta haddar tsofaffin littattafai a gida saboda jinya, ta zo godiya. Ta ce, "Malama, ya karanto mana komai tiryan-tiryan, har sunan kowane littafi. Amma fa takardar a kife take a hannunsa."

Ashe Baba bai iya karatu ba! Haddace ta ya yi daga bakina. Mu malamai goma sha bakwai masu digiri muna zaune, mutumin da bai san baƙi ba ne ya kai wa iyaye labari.

Baba, kai ne ƙafar makarantar nan. Kai ne ka tuna cewa tura saƙo daban, isarsa daban. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya a hutunka.

'Yan'uwana malamai, in sanarwa ta zo, mu tashi mu taka. Yarinyar mai ɗinki ta ci jarrabawarta. Da ta kawo wa Baba takardar sakamako, sai ya juyo ya miƙo mini: "'Yata, karanta mini a hankali."