Anti Maɓalli, Wadda Ta Ɓoye Sunayen Masu Gyara

Kafin kowa ya iso ofis, Anti Maɓalli ta riga ta goge tabarau da bakin mayafi, ta kunna kwamfuta, ta fara faɗa da allo. Aikinta tsara fuskar manhaja: inda yatsa zai danna, da abin da ido zai fara gani. Shekara da shekaru tana wannan. Watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa wallahi ba zan bari ta sulale shiru ba.

Ku tambayi malaman makarantar da kamfanin su Anti ya haɗa wa manhajar tsara jarrabawa. Kowa na sa hannu a tambayoyin, amma in malami ya yi gyara, sai gyaran ya tsaya jiran wani ya karɓa ko ya ƙi. Gyare-gyare suka taru kamar wanki, jarrabawa ta ƙarato, ba darasi ɗaya da ya kammalu. Shugabar makaranta ta ce in mako ya ƙare a haka, a kwashe manhajar, su koma biro.

Abokan aikin Anti suka ce ai lalacin malamai ne. Ita kuwa ta saɓi jaka sai ɗakin malamai, ta zauna tana kallon yatsu. Can ta ga malamar lissafi ta kai hannu kan jan maɓallin ƙin gyara, ta janye kamar ta taɓa wuta.

"Ƙanwata, gyaran daidai ne?"

"Ina fa, Anti! Amma na Malam Babba ne, shi ya koyar da ni. Ni in danna masa ja? Da wane ido zan gaishe shi gobe?"

Ashe kunya ce ta toshe hanya! Anti ta koma ofis har tana tuntuɓe don murna. Ta jera tsohon rubutu da sabo gefe da gefe, ta cire jan launin, ta ɓoye sunan mai gyara sai an gama zaɓa.

Ranar gwaji ɗakin malamai ya cika. Malam Babba ya karkata hula, ya karanta wani gyara, ya ja tsaki.

"Wane ne ya rubuta wannan shirmen?"

Ya danna ƙi. Suna ya bayyana: nasa ne. Sai dattijon ya fashe da dariya har da ƙwalla.

"Ku danna, 'ya'yana, tunda ni ma na ƙi kaina!"

Kafin a tashi, an share gyare-gyaren kaf, shugaba ta ce manhaja ta zauna daram.

Ke ce, Anti, mai kallon yatsu kafin ki zana maɓalli. Ke kika raba gardama ba tare da kin kunyata babba ko kin tsorata ƙarami ba. Mun gode, Allah ya sa ki huta lafiya. Ku kuma masu tasowa, kafin ku zagi mai amfani da manhajarku, ku ja kujera ku zauna kusa da shi, ku ga abin da ya riƙe masa hannu.