Ranar da na sauke Yaya Sale daga limanci

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, wanda ya daɗe yana jan salla a masallacin unguwarmu a Kiyawa. Na gaji da juya maganar a raina, don haka zan faɗe ta bi da bi.

Da farko tafiyarsa ce ta canza, ya koma jan ƙafa. Na biyu, ciwon ƙeya, ga jijiyar wuyansa tana harbawa har ana ganinta daga wuyan riga. Muka ce jini ne ya yi masa yawa, muka kira wanzami ya kafa masa ƙaho. Duk wata sai an yi. Ya ce yana jin sauƙi, ya ajiye ƙwayoyin hawan jinin da aka ba shi a asibiti. Babu wanda ya hana shi, har ni.

Na uku shi ne mantuwa. Sau biyu cikin mako guda ya sallame La'asar a raka'a uku. Masu bin sa salla suka fara gunaguni, dattawa suka ce ni ne ƙaninsa, ni zan yi masa magana. Na same shi a zaure, na ce hankalinsa ya koma kan gona da awaki, ya yi sakaci da amanar jama'a, gara ya sauka. 

"Ka yi gaskiya, Iro, sallar ta mutane ce," in ji shi. "Amma wallahi ina ƙirgawa."

Daga ranar ya koma sahun baya.

Sai da ya fara faɗuwa muka kai shi Dutse. Likita ta ɗora na'ura a wuyansa, ta sa aka ɗauki hoton kansa. Ta ce manyan hanyoyin jini sun yi tauri, shi ya sa bugun zuciya yake isa ƙwaƙwalwa da duk ƙarfinsa, yana lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciki kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Ta ce ƙaho ba ya kaiwa can. Ƙwayoyin da ya ajiye, su ne da sun rage ɓarnar.

Yau ana awon jini a kemis-kemis, ba sai an je Dutse ba. Da yana nan, na san zai tsaya bayan salla ya ce kowa ya je a auna shi. Zai kuma ga har yanzu muna ajiye magani da zarar kai ya daina ciwo.

Abin da ya bari a bayyane yake. Wanda ke jan mu salla yanzu ɗalibinsa ne, karatunsa ma irin nasa. Sauke shi kuma daidai ne, ko yau haka zan yi. Kalmar sakaci ce bai cancanta ba. A shekararsa ta ƙarshe na durƙusa na nemi gafararsa. Ya yi murmushi ya ce ya yafe duniya da lahira, sannan ya tambaye ni me na yi masa.

Allah ya jiƙanka, Yaya.