Yadda Lugudenmu Ya Zama Kiɗan Gari

Alhamis ce, sati biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da aka tashe mu daga tsohon garinmu saboda madatsar ruwan Tiga. Waɗanda ke tsakar gidanmu ran nan har yau ina iya jera su. Akwai Inna, mahaifiyata, da goyon ƙanena Sule a bayanta. Akwai Gwaggo Talle, yayar Baba, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Akwai Yaya Ladi da nake bi, da Kande maƙwabciyarmu da ta shigo taya aiki, sai ni Azumi, ban fi shekara tara ba. Baba yana zaure da maza suna ɗinke bakin buhuna. An aiko mana cewa ranar Litinin motoci za su zo, kuma mota ba za ta ɗauki dami ba sai buhu. Ke nan geron da ke cikin rumbunanmu biyu, wanda a da muke ciro shi dami-dami har damina ta zagayo, dole a sussuke shi a sheƙe shi cikin kwana huɗu. Ba gidanmu kaɗai ba, garin duka haka ya kwana ya tashi, kowane gida turmi ne ke magana, ƙaiƙayi ya cika mana gashi da wuya, ba mai damar tsayawa ta sosa.

Mu ba ma daka kara-zube. Mata uku ke tsayawa a kan turmi ɗaya, ta farko ta sauke taɓarya, ta biyu ta bi, ta uku ta bi, sannan a bar gurbi ɗaya shiru kamar mai jan numfashi. A cikin gurbin nan ne gwanar cikinsu za ta cilla taɓaryarta sama, ta tafa, ta cafe, a koma. Wannan shi ne lugude. Kowane gari da irin nasa, amma namu da wannan gurbin aka san shi. Mu yara mun tashi da shi a kunne tun muna goye. Da mun dawo daga korar tsuntsu a gona ko kalar gyaɗa, sai mu haƙa rami a gindin tsamiya, mu zuba yashi, mu samo kara muna kwaikwayo, mai ɓata sahu a kore ta ta koma renon 'yar tsana. Amma turmin gaske ba a barin yarinya ta shiga na uku sai an ga ta isa. Aikina shi ne kawo zangarniya da kwashe tsaba a faifai.

Wajen hantsi tafin hannun Yaya Ladi ya sale, jini ya ɓata mata taɓarya. Gwaggo ta dube ta, ta dubi tulin da ya rage, sannan ta dube ni. Mace ce da ba ta maimaita magana. Ta tura mini guntun kututture da ƙafa don in ƙara tsawo, na hau, na karɓi taɓaryar da ta kusa rinjayata. Sau biyu ina haɗa tawa da ta Kande, har Kande ta ce in zan karya mata haƙori in bari sai mun sauka sabon gari, a can ko ba komai akwai asibiti. Ni kuwa idona na kan hannuwansu, ina ƙoƙarin ganin lokacin da zan sauke. Sai Gwaggo ta kwance kallabinta ta ɗaure mini ido. "Kunne ke daka," in ji ta, "ido sai dai ya ruɗe ki." Cikin duhun nan na fara jin su: Gwaggo, Kande, ni, shiru. Gwaggo, Kande, ni, shiru. Ban san sanda jikina ya kama ba. Na dai ji Inna ta daina sheƙa, na ji Gwaggo ta ɗauko waƙa a kan dakan, wadda a nan take ta ƙirƙire ta, tana cewa ruwa ya ci gona amma bai ci hannu ba. Matan gidan da ke bayan katangarmu suka amsa mata.

Daɗi ya kwashe ni. Da aka kwashe turmin don a zuba sabo, ni ban tsaya ba, na ci gaba da bugun turmi wayam ina jin ƙararsa. Gwaggo ta riƙe taɓaryar a sama, ta zare mini kallabin, ta sa na dubi cikin idonta. Ta ce turmi ba ganga ba ne, ba a dukansa da yunwa. Mai yin haka tana fasa itace, tana fasa wuyan hannunta, tana kuma yi wa maƙwabta ƙaryar cewa akwai abinci a gidan. Ban ƙara ba.

Litinin aka ɗora mu a kan buhuna, turminmu na itacen ƙirya a kife a tsakiya, Gwaggo zaune a kansa don kada wani ya ce ya yi nauyi a sauke. Aka kai mu fili kusa da wani tsohon gari a ƙasar Bebeji, inda aka yanka filaye aka raba, ba tare da an duba wa ke maƙwabtaka da wa ba. Aka cakuɗa mu da mutanen wasu ƙauyuka huɗu da su ma ruwa ya taso. Maza suna haɗuwa a masallaci, amma matan aure ba sa fita, kowacce tana bayan zanar da aka kafa mata, ba ta san inda 'yar'uwarta ta faɗa ba. Inna ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. A safiya ta shida muna surfe sai ta ɗaga hannu ta ce mu tsaya. Can gabas, bayan wata kuka, wasu na daka: uku, shiru, uku, shiru. Inna ta ce wannan hannun Kande ne ko a lahira. Ta sa muka mayar musu da namu da ƙarfi, sai ga wani ya amsa daga kudu. Aka aike ni in bi sautin, gida-gida, in dawo in faɗi wanda na tarar. Kafin sati ya cika, duk matan tsohon garinmu sun san inda junansu suke, kuma ba a rubuta wa kowa takarda ba.

'Yan asalin garin ba su ƙi mu ba, sun ara mana rijiya, sun ba mu irin kuɓewa da na yakuwa, amma yaransu sun sha yi mana tsiya. In na je tallar fura bakin makarantar firamare, inda nake tsayawa ta bayan shingen aduwa ina kallon masu farin kaya suna jere, 'yan matan sai su riƙa ɗingishi a gabana suna cewa ga masu dakan gurgu, wai lugudenmu ƙafa uku gare shi. Na taɓa kifa wa wata ƙwaryar fura a ka, na sha duka a gida, ban kuma yi nadama ba sai da na girma. Iyayenmu maza da ba su taɓa shiga kwalekwale ba suka koyi kamun kifi da koma, suka koyi noman rani, albasa da tumatir. Mu kuma muka ci gaba da daka, safe da yamma. Gidan da aka haihu za ka ji lugudensu da guɗa a ciki, gidan da aka yi rashi turminsu yakan yi shiru kwana bakwai, maƙwabta su daka musu.

Daga baya injin sussuka da niƙa ya zo. Ba zan yi masa sharri ba, ya hutar da ƙafaɗun mata, ni ma na aika masa hatsi har ban san iyaka ba. Amma turame suka koma wurin zaman kaji, Gwaggo ta rasu, Inna ta bi ta, Kande ma. Jikokina mata ba wadda daka ya taɓa fitar wa da kanta a tafin hannu. Na riga na sallama cewa ranar da aka binne ni, an binne uku da shirun nan tare da ni.

Bara bayan girbi sai ga Malama Hadiza, shugabar makarantar firamare, ta yi sallama ta durƙusa. 'Yar asalin garin ce, na san uwarta, wadda ke cikin masu yi mini ɗingishi, ita ce ma na kifa wa fura. Ta ce ƙungiyar cigaban gari da dagaci sun zauna, suna so garin ya sami kiɗan da za a san shi da shi, wanda za a riƙa buɗe kowane taro da shi, a kuma tari baƙi da shi. Wasu sun ce kalangu, wasu gangar noma, samari sun ce waƙar da ake haɗawa a na'ura. Aka ce duk waɗannan ko'ina akwai su. Sai wani dattijo ya tuna da dakan mutanen da ruwa ya taso, ya ce shi kam bai taɓa jin irinsa a wani gari ba. Shi aka tsayar, kuma an ce ni ce na rage da na iya shi sosai. Na ce mata zan zo in gani tukuna.

Na tarar da turame uku sababbi, an shafa musu fenti kore da fari, 'yan mata tara da zannuwa iri ɗaya, suna ta bugu, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba ko ƙwayar gero a ciki. Na zauna na kalle su har suka gaji. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Sabo, ya tambaye ni yaya na gani. Na tambaye shi ina hatsin. Ya ce ai Iya, sauti kawai ake so, in aka zuba zangarniya ƙaiƙayi zai ɓata wa manyan baƙi riguna.

"To Alhaji, ku nemi makaɗi," na ce masa. "Ni mai daka ce."

Na ɗauki sandata na tafi gida. Kwana uku ba wanda ya zo, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tsoron taurin kaina ya kashe abin da Allah ya tashi rayawa. A rana ta huɗu sai ga amalanke a ƙofar makaranta da dami shida, daga rumbun Alhaji Sabo kansa. Wata guda na yi da yaran nan. Na sa aka kankare fentin, na ɗaure wa masu kallon hannu ido, na kori biyu da suka zo da farce zaƙo-zaƙo sai da suka yanke. Sun yi kuka, hannuwansu sun sale, amma ba wadda ta gudu.

Ranar taron aka cika filin makaranta, da mutanen Kiru da na Tudun Wada, har da waɗanda suka taso daga Riruwai. Aka karanta takardar da dagaci ya sa wa hannu. Ni ban iya karatu ba, don haka na sa Malama Hadiza ta maimaita mini a kunne, in tabbatar an rubuta cewa ba a yin luguden sai da hatsi a turmi, kuma abin da aka daka a dama kunu a raba wa jama'a. An rubuta. Yaran suka fara, sautin ya fito da nauyinsa, irin wanda ake ji a ƙirji. Ƙaiƙayi ya tashi ya sauka a kan manyan riguna, dagaci ya yi atishawa har sau uku, bai matsa ba. Na hangi uwar Malama Hadiza cikin mata, ta tsufa kamar ni, tana kaɗa kai daidai kan gurbin. Da aka tashi ta riƙe hannuna ta ce, "Azumi, ashe gurgun nan ya riga mu isa." Na ce mata furar da na kifa mata ta yafe mini. Ta ce ai ta daɗe da shanyewa.

A da muna daka ne don in ba mu yi ba ba za a ci ba, ba wanda ya taɓa tafa mana, ba mu ma san kiɗa muke yi ba. Yanzu ana shimfiɗa tabarmi a zauna a saurara, ana ɗauka a waya a aika wa 'yan garin da ke Kano da Legas. Na so a ce waɗanda suka yi shi da yunwa da goyo a baya sun ga wannan rana, ko da daga bayan zana ne. Ba su gani ba, amma ni na gani a madadinsu, na kuma gode wa Allah da mutanen garin nan da suka karɓe mu sau biyu. Abin da aka yi da gumi ba ya saurin ɓata.

Sai dai ina zaune a wurin na lura yarinyar da ke tsakiya a turmi na biyu tana riga 'yan'uwanta saukewa, tana cinye rabin shirun. Ba wanda ya ji sai ni. Da gari ya waye na yi sallah, na yafa mayafina, na isa makarantar tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, na zauna a bakin ƙofa ina jiran ta.