Fitilar da Ban Kai Ƙasa Ba

Shekarun baya da dama, tun Turawa ba su tafi ba, ina zaune a wata 'yar unguwa kusa da Kawo. Ɗinki nake yi a lokacin. Kullum da safe in hau kekena in gangara Babbar Kasuwa inda nake da rumfa, in dawo gab da magariba. Unguwar sabuwa ce, kusan kowa baƙo ne, wannan daga Kano, wancan daga Katsina, ni kuma daga Zariya. Shi ya sa mai unguwa ya haɗa ɗan kwamiti na mutum shida don share lambatu, sare ciyawa da damina, da sasanta rikicin awaki da masu shuka a bayan gida. Aka saka ni a ciki, ba don hankali ba, sai don na shiga ajin yaƙi da jahilci na iya karanta takarda, kuma bakina ba ya shiru. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, har tafiyata ta sake.

Rijiya ɗaya muke da ita mai zurfi, a gindin wata ɗorawa. Wani bunsuru ya faɗa ciki, kafin a farga ya kwana biyu. An ciro shi, amma ruwan ya ɓaci, sai aka rufe bakin da katako da tabarmi aka ce sai an yashe. Yau ne, gobe ne, har aka yi wata biyu. Masu ga-ruwa suka koma rafi mai nisa, ruwan da suke kawowa ja wur, yara suka fara ciwon ciki. Ana cikin haka duba-gari, ma'aikacin tsafta, ya zo zagaye ranar Alhamis. Ya ɗaga katako ya leƙa, ya toshe hanci, ya ce idan ya dawo ranar Litinin ba a yashe ta ba, zai rubuta a zo a cike ta da ƙasa.

A zaman kwamiti na yammacin ranar, dattawa suna ta jinjina abin, ni na miƙe na ce a bar min. Na ce ranar Lahadi, da yake ma'aikata na hutu, za a yi gayya a gama kafin la'asar. Na kuma ce ina da mutumin da zai shiga. Ban ma tambaye shi ba tukuna.

Mutumin abokina ne, Bakano, magini, mahaifinsa mai haƙar rijiya ne a ƙauyensu, a hannunsa ya koya. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba irin ta Kanawa da Zagezagi. Da na same shi da maganar, ya yi dariya ya ce Bazazzagi ya sayar da shi bai sani ba. Amma ya yarda. Abu ɗaya kawai ya nanata: rijiyar da ta daɗe a rufe iskarta kan mutu, mutum ya shiga bai ji komai ba, sai dai ya sulale. Saboda haka kafin ya sa ƙafa sai an saukar da fitila mai ci har ta kusa taɓa ruwa, a bar ta ta ɗan jima. Idan ta mutu, ba shiga sai an bar rijiyar a buɗe kwana biyu ko uku ana fifita ta da rassan ganye.

Ran Lahadi tun da hantsi wuri ya cika. Mata sun aiko da ƙwarya-ƙwaryar fura, wani mahauci ya ba da kai da ƙafa ana dafawa, mai unguwa ya sa an shimfiɗa masa tabarma a inuwa, liman na gefensa. Har mai kalangu ya zo ba a gayyace shi ba. Ni ina ta kai da kawo ina ba da umarni, da tef ɗin awo rataye a wuya, ban san abin da zan auna da shi ba.

Abokina yana can gefe da wasu mutum biyu suna gyara gungumen da za a gitta a bakin rijiya, sai ya miƙo min fitilar ƙwai da siririyar igiya ya ce in gwada. Na kunna, na fara saukarwa. Tana tafiya tana ci lafiya lau, har ta wuce rabi. Can sai na ga harshen wutar ya ƙanƙance, ya koma shuɗi, ya ɗauke.

Na waiga, ba wanda ya gani. Na ga tukunya a kan wuta, na ga mai unguwa yana murmushi, na tuna Litinin gobe ce, na tuna bakin da na cika a gaban dattawa. Sai na janyo fitilar na ce wa kaina ai lagwanin ne gajere, ko kananzir ne aka gauraya da ruwa. Na murɗa lagwani, na sake kunnawa, na saukar. Amma wannan karon da ta kai rabi sai hannuna ya tsaya. Na ƙirga goma a raina, na janyo ta tana ci.

Abokina ya ɗago kai daga inda yake ya ce, "Yaya, tela?"

Na ɗaga masa fitilar na ce, "Ga ta nan tana ci."

Ban yi ƙarya da baki ba, haka na riƙa gaya wa kaina. Shi kuwa ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya ɗaura babbar igiya a ƙugu, ya miƙo min ɗaya bakin ya ce ni zan tsaya a gaba, mutum huɗu a bayana. Ya ce idan ya girgiza igiya sau biyu, a janyo shi.

Ya zura ƙafa a ramukan takawa na jikin rijiyar, ya fara sauka. Sau biyu na buɗe baki in ce a dakata, sau biyu mai kalangu yana ƙara wuta, mutane na yi wa abokina kirari, sai in haɗiye. Abin da na iya kawai shi ne na sunkuya na ce masa kada ya yi shiru, ya riƙa yi min magana yana sauka. Ya ce to, tunda Bazazzagi tsoro yake ji, bari ya ba shi labari. Ya kama ba ni labarin wata jaka da mahaifinsa ya taɓa saya mai ƙin tsallaka ruwa. Muryarsa na fitowa daga ƙasa tana amsa kuwwa, mutanen bayana na dariya. Ni ban ji ko kalma ɗaya ta shige ni ba. Idona na kan igiyar da ke zamewa a tafina, ina lissafin inda ya kai. Ya wuce rabi. Ya wuce inda fitila ta mutu.

Sai na ji maganarsa ta fara ja, kamar mai gyangyaɗi. Ya maimaita abin da ya riga ya faɗa. Na kira shi, ya amsa da ƙyar. Na sake kira, shiru. Igiyar ta yi nauyi a hannuna gaba ɗaya.

Na ce a ja. Wanda ke bayana ya ce ai bai girgiza ba. Na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba, muka kama ja. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, amma har yau ban taɓa jan abu mai nauyi irin wannan ba. Igiya ta sale min tafin hannu ban ji ba. Mai kalangu ya yi shiru. Da kan abokina ya ɓullo, sai muka ga ya langaɓe gefe, girarsa ta fashe inda ya bugu da bango, leɓɓansa sun yi fari. Muka kwantar da shi a gindin ɗorawa. Aka yayyafa masa ruwa, wani na yi masa fifita da faifai, liman na tofa masa addu'a. Matarsa ta fito har bakin zaure da goyo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ni ina durƙushe ina kallon ƙirjinsa, ina roƙon Allah a raina da duk abin da na sani.

Can ya ja wani dogon numfashi, ya yi tari, ya kama amai. Na zauna daɓas a cikin taɓo.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci min rai. Mutane suka kama yabona. Wai ba don tela ya yi saurin ganewa ba da an yi gawa. Mai unguwa ya dafa kafaɗata ya sa min albarka. Wani tsoho ya ce ikon Allah, fitila ta ci amma iska ta ci amana. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kawaici ne.

Washegari mai unguwa ya tari duba-gari ya yi masa bayani. Mutumin bai ko ɗaga murya ba. Ya ce rai ai ya fi rijiya, a ɗauki mako guda, in bai isa ba a ƙara. Ina tsaye ina ji. Ashe wa'adin da na kusa kashe mutum a kansa, da baki ake ɗaga shi. Aka bar rijiyar a buɗe kwana uku ana fifita ta, aka samo wani mai haƙa daga Katabu ya yashe ta. Ruwa ya dawo garai-garai, aka ce a gode wa kwamiti.

Ni kuwa abinci ya daina shiga. A rumfa na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Duk sanda na ji tarin abokina ta bayan katanga sai in tsaya ina saurare. Ina tsoron ya sani, ina kuma tsoron a ƙare bai taɓa sani ba. Ran kwana na shida na kasa daurewa, na je wurin liman bayan azahar na zayyana masa komai. Ya ce tuba tsakanina da Allah ne, amma haƙƙin na mai rai ne, kuma gidansa ba nisa.

Na same shi a zaure yana zaune a kan buzu, da tsumma ɗaure a gira. Ya fara tsokanata kamar kullum, na ce ya saurara. Na gaya masa fitila ta mutu a karon farko, na gaya masa a karo na biyu rabi na kai ta. Ban kawo zancen lagwani ba. Na jira ya zage ni.

Sai ya ce, "Ka san daga inda nake ba na hango cikin rijiya. Ban duba fitila ba, tela. Kai na duba."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma maganar ta tsaya tsakaninmu. Ya kira a kawo mana fura, ya tilasta min na sha.

Ya cika alkawari, bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ni ne yau nake faɗa, bayan ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma na gaya musu da bakina kafin in rubuta wannan. Abin da na koya ba shi da yawa. Ni ba mugu ba ne a ranar, kunya ce kawai, kunyar in ce wa jama'a su koma gida. Tun daga nan, duk zaman da aka yi na unguwa, idan na ji wani matashi ya miƙe ya ce a bar masa, nakan ja shi gefe in ce masa idan abu ya ƙi, ya zo ya faɗa, ba wanda zai cinye shi.

Mun ƙara shekara talatin da wani abu muna maƙwabtaka. Ni na ɗinka wa 'ya'yansa kayan aure, shi ya gina min ɗakin da nake ciki. Ya ci gaba da shiga rijiyoyin unguwa duk lokacin da aka nema, ni ma ina zuwa in ɗebe taɓo da bokiti. Yakan saukar da fitilarsa da hannunsa, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya waiga ya miƙa wa wani bakin igiyar. Bai ƙara ba ni ita ba, ni ma ban taɓa miƙa hannu ba.